Tukwane a Ka

Tukunya ta faɗo ta tarwatse daidai lokacin da Alisabatu, ma'aikaciyar gidan rediyo, take jan wayar makirufo zuwa rumfar manyan baƙi. Ta waiga. Mama Esta ce, yayar mahaifinta, tsaye cikin rana tana kallon ɓaraguzai a gaban ƙafafunta.

Tun da sassafe aka kwaso matan Gwari daga ƙauye a babbar mota, aka jera su da tukwanensu a wani fili a unguwar Tunga ta garin Minna don bikin ƙungiyar Farkawar Mata. Su a kafaɗa suke ɗaukar kaya tun kaka da kakanni, kai ba wurin ɗora kaya ba ne a wajensu. Amma shugabar ƙungiyar, Hajiya Rahmatu Sanda, wadda Minna ke kira Uwar Mata, ta ce hoton ba zai yi kyau ba. A ɗora a ka kamar mutane. Haka ta faɗa, kamar mutane, kuma a kunnen Alisabatu.

Ndako mai kula da na'ura ya matso. "Yanzu za a haɗa mu da gidan rediyo, kai tsaye ne fa. Ki tambaye ta nasarori, ki yi godiya, ki sauka. Ba a tabbatar miki da aikin nan ba tukuna, kin kuma san wadda ta yi miki hanya."

Ta sani mana. Hajiya ce ta ɗaga waya aka ɗauke ta aikin, kuma da wannan albashin ƙannenta suke makaranta.

Ndako ya ɗaga hannu. Alisabatu ta gaishe da masu sauraro, ta miƙa makirufo. Hajiya ta gyara mayafi, awarwaro suka yi ƙara. Mace ba baiwar kowa ba ce, in ji ta, lokacin raina mace ya wuce. Baki dai, Allah ya ba ta. A can gefe kuwa wata 'yar kwamiti tana zazzaga wa Mama Esta masifa, tsohuwar ta durƙusa tana tsintar ɓaraguzai.

Zuciyar Alisabatu ta tafasa. Ta dawo da makirufon bakinta.

"Ranki ya daɗe, matan nan su suka gina tukwanen da ake kai wa Legas da hotonki a jiki, ladansu sandar sabulu. Tun safe suna rana, an hana su rumfa, an ce su yi ɗauka kamar mutane. Da can su mene ne?"

Ndako ya kai hannu kan na'ura, bai dai kashe ba.

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. Sai ta yi dariya, ta miƙe, ta karɓe makirufon.

"Jama'a, kun ji ko? 'Yar Gwari ce wannan, daga cikin dutse, yau ga ta tana titsiye ni a rediyo. Wa ya buɗe mata baki? Wannan ai shi ne aikin da muke yi."

Tafi ya ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa. Hajiya ta jawo Alisabatu ta rungume, turarenta ya cika mata hanci, masu hoto suka yi caa. Ta sa baki a kunnenta, murmushin bai ko motsa ba.

"Gobe kada ki wahalar da kanki zuwa ofis."

Ba wanda ya amsa tambayar, ba kuma wanda ya lura ba a amsa ba. Ndako ya naɗe wayoyinsa kansa a ƙasa.

Da aka watse, Alisabatu ta tarar da matan suna hawa motarsu. Mama Esta ba ta jin Hausa sosai, tafin kawai ta ji. Ta kamo hannun Alisabatu, fuskarta cike da fara'a, ta yi mata magana da harshensu.

"Babbar mace ta rungume ki a gaban duniya, 'yata. Yau babanki ba zai yi barci ba don murna. In gaya masa an ƙara miki girma?"

Alisabatu ta tallafa mata ta hau.

"Ki gaya masa ina nan tafe, Mama."