Ranar da Na Shiga Kabarin Tinga

"Kai, mai jar riga, sauke hannunka daga jikin Madam! Matar aure ce."

'Yan makarantar suka kwashe da dariya, malamarsu ma sai da ta rufe baki. Tsoho Tinga ya jingine sandarsa ya shafa goshin motar kamar mai lallashin saniya. Ni ina bakin ƙofa da tiren ƙosai a kaina, ina jiran ya gama surutu yara su fito su saya.

Madam tsohuwar Fijo ce akori-kura, shuɗiya, ita ce a tsakiyar gidan tarihin da Tinga ya yi a bayan gidansa, a ƙauyenmu na kan hanyar Kudugu. Gidan tarihi in ji shi, ni kam rumbun tarkace nake ce masa. Doguwar rumfar kwano ce. Tsofaffin motoci a gefe guda, babura manya da ƙanana masu feda a ɗaya gefen, sai kantoci cike da kayan wasan yara: motocin gwangwani, jirgin ƙasa mai mabuɗi a baya, 'yan tsana masu ido ɗaya, da wani biri mai kaɗa ganga. Duk abin da Tinga ya samu a rayuwarsa ta direba nan ya zuba shi. Mutane kuma na zuwa kallo har daga Wagadugu, abin da har yau nake mamaki.

Ya hango ni. "Yara, ku juya ku ga abin da ya fi komai tsufa a gidan nan. Sunanta Kaditu, baiwata ce. Kada ku ci ƙosanta, da romon kan kare take kwaɓawa."

Na ce, "Ji bawa da baki! Kakana ya sayi kakanka da ƙwaryar dawa, har yau muna kukan asara."

Shi ɗan ƙabilar Mosi ne, ni 'yar ƙabilar Samo, wato abokan wasa. Tun da aure ya kawo ni maƙwabtaka da shi ba mu taɓa gaisawa ba sai da zagi. Ranar da bai zage ni ba, to zazzaɓi yake yi.

Ya ɗauko birin nan zai murza masa mabuɗi, sai na ga yatsunsa sun ƙi. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya miƙa wa malamar ya ce ta taya shi. Birin ya hau kiɗa, yara suka hau tsalle, shi kuwa ya lallaɓa ya zauna a matakin Madam yana maida numfashi.

Da suka tafi na ajiye masa ƙosai a takarda na zauna kusa da shi.

"Kaditu," ya ce, "tafiya ta zo. Ina jin ta a ƙafafuna."

"Tafi mana, wa ya riƙe ka? Iska ma ta huta."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya buga jikin motar da tafin hannu. "A bayan nan na ɗauko Pogbi ranar aurenmu, tana riƙe da ɗankwalinta kada iska ta kwashe. A bayan nan kuma na kai ta makwancinta. Muna dawowa injin ya mutu, bai sake tashi ba. Ni ma ita nake so ta kai ni wurin matata. Ita kaɗai ta san hanya."

"Ka faɗa wa Wendyam?"

Wendyam ɗansa ne tilo, ma'aikaci a Wagadugu, yaro mai kirki amma mai son a ce ya yi.

"Na faɗa masa. Ya ce, ‘Baba, a ce ubana aka loda a akori-kura kamar buhun gawayi? Abokan aikina su ce me?’ Wai baƙar mota zai ɗauko daga birni, mai labule." Ya ja tsaki. "Labule! Wa zan ɓuya wa?"

Bai roƙe ni komai ba. Ya dai dube ni ta gefen ido, ya ci ƙosan duka, ya ce gishiri ya yi yawa.

Bai yi wata jinya mai tsawo ba. Wata safiya bayan an gama girbin gero na leƙa rumfar na same shi a kujerarsa, tsumman goge mota a cinyarsa, hularsa ta zame kan ido. Na ce, "Malalacin Mosi, rana ta fito!" Bai rama ba. Nan na san ya tafi. Na zauna a ƙasa na yi kukana ni kaɗai kafin in kira mutane, don wallahi na yi rashi.

Wendyam ya zo da abokan aikinsa da baƙar motarsa mai labule. Na ja shi gefe na tuna masa maganar ubansa. Ya riƙe hannuna da ladabi ya ce, "Inna Kaditu, motar da ba ta tashi? Ki bari mu yi masa abin mutunci." Na ce to.

Ranar jana'iza, su suna coci ana waƙoƙi, ni na tara matan Samo na ƙauyen muka nufi makabarta. An riga an haƙa ramin a gefen na Pogbi. Na ɗaure zanena tamau na ce su riƙe ni, suka zura ni ciki. Wayyo gwiwoyina! Na shimfiɗa ɗankwali na zauna, aka miƙo mini laima.

Kowa ya san al'adar. In ɗan Mosi ya mutu, abokan wasansa na da ikon tare kabari sai an fanshe shi, kuma ko sarki bai isa ya yi fushi ba. Saboda haka da baƙar mota ta iso aka sauke akwati aka gan ni a ƙasa ina fifita, sai dariya ta ɓarke cikin masu kuka. Fada, limamin cocin, shi ma ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Bawana ne," na ce. "Ban sallame shi ba. Wa ya ba shi izinin mutuwa?"

Ƙanin Tinga, wani tsoho mai suna Rawa, ya matso bakin ramin da goro da tulun ruwan garin gero, irin fansar da aka saba. Na ce ya ba jakinsa. Aka ƙaro zakara. Na ce ko kallo bai ishe ni ba.

Wendyam ya durƙusa, gumi na bin wuyan kwat ɗinsa. "Inna, don Allah, rana na yi. Me kike so?"

"Ba a kawo shi daidai ba. Ku mayar da shi gida, a sake kawo shi a Madam. In ba haka ba, ku zuba ƙasar da ni a ciki, in je can in ci gaba da zaginsa."

Wendyam ya dubi baffansa. Rawa ya buɗe hannuwa ya ce, "Ɗana, abin da abokin wasa ya yanka ya yanku. Ko ubanka ya tashi bai isa ya hana ba." Yaron ya dubi abokan aikinsa, sai ya ga babbansu, wani ƙato mai tabarau, ya riga ya tuɓe kwat yana naɗe hannun riga.

Haka aka mayar da Tinga gida, shi kaɗai na sani da ya je kabarinsa sau biyu. Ni ma aka ciro ni kamar guga, don ba zan yarda a yi ba ni ba. Tayoyin Madam cike suke da iska, bai taɓa barin su sun kwanta ba. Aka ɗora akwatin a baya. Wendyam ya shiga ya kama sitiyari, mu kuma muka sa kafaɗa: manoma, 'yan ofis, mawaƙan coci da fararen rigunansu, da ni da gwiwoyina. Muka tura, Madam ta yi ƙarar tsofaffin ƙarafa ta motsa.

Yaran ƙauye suka fito da motocinsu na waya da na kara, waɗanda Tinga ya koya musu ƙerawa, suka jeru a bayanmu suna yin kukan inji da baki. Mata suka canza waƙar makoki ta koma ta rakiyar amarya. Muna kan gangaren kasuwa sai na ji "Pap! Pap!" Tsohon ƙahon roba ne da ke ɗaure a ƙofar direba. Na leƙa ta taga. Wendyam ne ke matsa shi, hawaye na zuba har haɓarsa, yana dariya.

"Inna," ya ce, "da ina yaro a cinyarsa nake zama, wannan ne aikina."

"To matsa da kyau, ɗan bawa. Uwarka ta ji ku kuna tafe."

Bai daina matsawa ba har bakin kabarin. Na karɓi gorona da zakarana kuma, don ba a wasa da haƙƙi.

Washegari da safe na ga ƙofar rumfar a buɗe. Madam ta koma wurinta, jar ƙasar makabarta har rabin tayoyinta. Na ɗauki tsumman Tinga zan goge, sai Wendyam ya fito daga bayan kantoci da birin nan a hannu.

"Bar ta haka, Inna," ya ce.

Na ajiye tsumman a kan kujerar. A ƙasan ƙofa sawun tayoyin Madam na nan, ya fita ya dawo, ga kuma siraran sawun motocin yara a gefensa. Wendyam ya murza mabuɗin ya ajiye birin a goshin motar, muka tsaya muna saurare har gangar ta yi shiru.