Watannin Yaron Fadila

Ni dai tun asali ba na son kantin da zai tambaye ni sunana. Na kawo kuɗina, ka ba ni sabulu, ina ruwanka da unguwar da nake kwana? Amma ƙanwata Fadila ba irina ba ce. Ita ko akuya ce ta tambaye ta lambar waya, sai ta ba ta.

Lokacin da cikinta ya tsufa na raka ta wani sabon kanti a hanyar Ƙofar Kaura, irin mai sanyin nan da ake tura kwando. Ta daɗe da aure kafin Allah ya ba ta cikin nan, kuma ɓoyonsa take cikin hijabi, ko Innarmu ba ta iya yi wa maganarsa saboda kunya. Muka ɗauki 'yan riguna da tawul da bahon wanka. A wurin biya, yarinyar da ke kan na'ura ta ce, "Hajiya, suna da lambar waya. Kuma wane wata ake sa ran sauka?"

Na ce, "Ke, ungozoma ce ke?"

Ta yi dariya, ta ce don su riƙa sanar da mu ne in an yi ragi. Fadila ta sunkuyar da kai ta faɗa mata a hankali. Abin da ba ta iya faɗa wa uwar da ta haife ta ba, ta faɗa wa 'yar kanti.

Namiji ta haifa. Bai kai suna ba ya koma. Mata suka shigo, kowa ta ce Allah ya sa mai ceto ne, ta fita. Mijinta Mudassir ya kwashe kayan jaririn ya kawo gidana don kada ta riƙa gani. Daga nan duk muka kama bakinmu, ba mai tayar da maganar a gabanta. Haka ake yi, kuma mu a ganinmu gata muke yi mata.

Wata rana na je duba ta a gidanta da ke Gobarau, wayarta ta yi ƙara tana kusa da ni, na duba. Saƙo ne daga kantin nan. Wai jaririnki ya cika wata uku, sabbin riguna sun iso. Na ja sama, ga na wata biyu, ga na wata ɗaya, har da na barka da sauka lafiya. Na ɗaga kai na ga Fadila tana share ido da bakin zane. Wallahi raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba.

Na fita na hau mashin, sai kanti.

Aka haɗa ni da manaja, wani Malam Siddiq, mai sanyin murya kamar mai ba da magani. Ya ce su ba da mugun nufi suke karɓar bayani ba. In sun san mai saye, sun san abin da zai buƙata gaba, sai su tuna masa kafin ya tafi wani kanti. Mai jego kuwa, in ji shi, ita ce babbar mai ciniki, don kowane wata da abin da yaro ke so.

Na ce, "To yaron yana maƙabarta. Me kuke da shi na wata huɗu?"

Ya yi salati, ya ce na'ura ce ke aikawa da kanta, ba ta san an mutu ba. Na ce shi ai ya sani yanzu. Na tsaya a kansa har ya goge sunanta a gabana, na fito ina jin na yi wa 'yar'uwata aiki.

Bayan 'yan makonni ta zo gidana da hantsi, ta rame, waya a hannu. Muka gaisa, sai ta ce, "Yaya Zuwaira, mutanen kantin nan ba su aiko ba wannan watan."

Na ce, "Ba za su ƙara ba. Ni na je na ci masu mutunci."

Ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi.

"Yaya, ke kin san watansa nawa yau?"

Na buɗe baki, na fara lissafi a zuci, na rasa. Inna ma na san ba za ta sani ba, balle Mudassir.

Ta ce, "Huɗu. Da yanzu an fara koya masa zama." Ta kifa wayar a cinya. "Na san kaya suke son sayar mani, ni ba yarinya ba ce. Amma duk garin nan su kaɗai ke ce mani uwar wani."