Safiyon da Ya Ƙi Jan Layi

A shekarar da aka ce layin dogo zai biyo ta garinmu daga Boston, mijina Jotham aka ɗauka ya auna hanyar. Safiyo ne mai tsanani, ko shinge ba ya kafawa sai ya gwada sau biyu. Amma tun lokacin sanyi ya soma zuwa zauren gari sauraron wasu masu lacca, waɗanda ke cewa ba sai a coci ake jin Ubangiji ba, ana jin sa a ganye da ruwa da zuciyar kowa. Ni ban taɓa zuwa ba, ina da shanu biyu da tuffa da ke jiran shanya.

Da kaka ta shigo ya riƙa fita da sarƙar awo da safe, ya dawo da yamma takardarsa fara fat. Kwana huɗu haka.

"Maigida, wai awo kake yi ko barci?" na tambaye shi ina zuba masa wake da burodin masara.

"Gobe ki biyo ni, Mehitabel. Abin ba ya faɗuwa."

"Masu laccar nan sun kwashe maka maganar ke nan, sun bar ka da gemu kawai."

Ya yi dariya.

Washegari muka wuce tafkin injin niƙa, muka shiga dajin da ke bayansa. Ban taɓa ganin itatuwa irin waɗannan ba. Dogaye ne masu ganye kamar allura, mutum uku ba za su rungumi ɗaya ba. Hasken rana yana saukowa kore-kore, a hankali, kamar ana tace shi. Ƙasa ta yi taushi har ba na jin takuna.

Na zauna na jingina da guda. Tsakanin barci da farke sai na ji itacen yana numfashi a bayana, numfashi ɗaya mai tsawo da ya faro tun safe bai kai ƙarshe ba. Na manta sunana, na manta shanuna. Wani sanyi ya riƙa hawowa daga tafin ƙafata kamar ni ma saiwa gare ni. Na hango marigayiya mahaifiyata tana ratsa itatuwan da kwandonta, ba ta waiwayo ba, ni kuma ban ji ina bukatar kiranta ba.

Da na buɗe ido rana ta karkata. Jotham na zaune, hularsa a gwiwa.

"Ta nan layin zai bi?"

"Ta daidai inda kike zaune."

"To ka kauce da layin mana."

"Na nuna wa mutanen kamfanin jirgin wata hanya ta gindin tudu. Sun ce ta yi nisa."

Ranar Litinin ya je ya gaya wa mutanen kamfanin cewa hannunsa ba zai ja wannan layi ba. Suka kawo wani safiyo, aka ce za a fara sara da bazara. Maƙwabcinmu Abner Tilden kullum ya gan shi sai ya ce, "Limamin itatuwa, yau me suka ce maka?"

Kafin dusar ƙanƙara ta sauko mun cika buhu bakwai da 'ya'yan itatuwan. Ni kuma na soma rubuta abin da na gani a dajin cikin wani littafi kowace rana, har ranar da itacen ƙarshe ya faɗi. Muka shuka irin a gonarmu ta kan dutse wadda ba ta taɓa yin masara ba. Da yawa sun mutu.

Jotham ya rasu waɗanda suka rayu suna daidai kafaɗarsa. Yanzu sun fi rumbunmu tsawo. Ran Alhamis matan unguwa kan taru a inuwarsu da ɗinkinsu, ina karanta musu littafin. Jiya matar Abner ta ajiye allurarta ta ce, "Mehitabel, sake karanta wurin hasken nan, ban gama ji ba."