Jan Layin da Bai Fito Ba

Sista mai kula da ma'ajiyar jini ta dire ledar jini ɗaya a kan teburin Injiniya mai kula da kwamfutocin asibitin, kusa da kofin shayinta.

"Karanta min kwanan watan nan."

Injiniya ta karanta. Wa'adin jinin ya wuce da kwana shida.

"Sati uku ke nan allona bai nuna jan layin gargaɗi ba," in ji Sista. "Ni kuma na saki baki, wai aiki ya yi kyau."

Sati uku ke nan daidai da Injiniya ta gama ɗauke manhajar asibitin daga tsohon zubin harshen kwamfutar da aka rubuta ta da shi zuwa sabo. Ranar har tafi aka yi mata. Tsohon da ya rubuta manhajar ya yi ritaya, ya bar mata littafinsa mai yagaggen bango, ita kuwa ta tokare kwamfutarta da shi don ta daina girgiɗi.

Ta buɗe wurin lissafin wa'adi a cikin manhajar. Matsalar a layin rubutu ɗaya take. Manhajar takan raba sa'o'in da suka rage wa kowace leda da ashirin da huɗu, in ya zama sifili sai jan layi ya fito. Tsohon zubin yana zubar da ɓurɓushin lissafi. Sabon, mai tsantseni, ba ya zubar da komai. Rabin kwana, rubu'in kwana, sai ya tsallake sifili ya wuce abinsa.

Gyaran bai ɗauke ta minti ɗaya ba. Wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Leda huɗu da wa'adinsu ya wuce aka riga aka ba marasa lafiya. Ta buga sunayen a takarda ta kai wa Manaja.

"Ki rubuta matsalar sabis ce," ya ce, bai ko ɗago ba. "Kina da yara, ni ma ina da su."

Ba ta koma ofis ba, ta hau sama ɗakin marasa lafiya. Uku daga cikinsu na nan lafiya, ɗaya har yana faɗa da matarsa a kan rediyo. Gado na huɗu an ɗame shi da sabon zani. Wata dattijuwa na zaune a gefe tana cusa filas da silifas a jaka.

"Sannu, Mama. Mai gadon nan fa?"

"'Yata ce. Da safen nan Allah Ya karɓi abarsa."

Ko jinin ne, ko ba shi ba ne, babu mai iya gaya wa Injiniya, kuma ta san har ta mutu ba za ta sani ba. Tsoro da kunya suka rufe ta.

Dattijuwar ta ga katin aiki a wuyanta, ta kamo hannunta.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan. Kun yi iya ƙoƙarinku."

Injiniya ta jawo kujera ta zauna, ta warware takardar a kan cinyarta.

"Mama, ajiye jakar tukuna. Akwai abin da zan faɗa miki."