Makullan Inna Delu

Shekarar da damina ta rushe bangon gabas na gidansu a Gwandu, 'ya'yan marigayi Malam Umaru suka yanke shawarar gyara gidan gaba ɗaya, domin mahaifiyarsu, Inna Delu, ta ce ba inda za ta koma. Babban, Siddiƙu, yana aiki a wata masaƙa a Kano. Ƙaramin, Basharu, malamin firamare ne a Kalgo, saboda haka tsayawa kan aikin ya faɗo kansa.

Siddiƙu mutum ne mai son abu mai ƙwari. Ya shiga shaguna ya fita, yana ɗaga makulli yana jin nauyinsa a hannu, har ya samo irin na da, 'yan Ingila, masu mariƙin tagulla, da sakatu masu kauri da kawunan famfo. Aka ɗaure masa su a kwali, ya ba direban motar Birnin Kebbi, aka sauke wa Basharu a bakin titin Kalgo.

A lokacin Basharu yana ƙarasa nasa ginin, ƙofofi kawai suka rage. Da ya buɗe kwalin ya daɗe yana murza makulli ɗaya, yana jin yadda yake shiga ba gardama. Ya ce a ransa, Inna ko kulle ɗaki ba ta yi, labule ya ishe ta. Ranar kasuwa ya sayo wasu masu ƙyalli marasa nauyi ya kai wa kafinta a Gwandu, na Kano kuma aka ɗaura a gidansa.

Aka gama aiki, Inna ta yi ta sa albarka. Ashe tun da aka sa mata ƙofa mai makulli ta ɗauki kulle ta, don ta ce abin da Siddiƙu ya aiko ba a barinsa banza.

Wata Juma'a cikin bazara, ta kulle ta ciki don ta ɗan kishingiɗa. Da ta tashi ta murza, ɗan makullin ya karye a ciki. Maza duk sun tafi masallaci. Ɗaki ga rufin kwano, taga ga ƙarfe. Ta yi ta bugu har muryarta ta dishe, sai bayan an sauko maƙwabta suka ji, suka ɓalle ƙofar da tabarya. Suka same ta zaune a ƙasa, jiƙe da gumi, ba ta iya magana.

Basharu ya iso a kan babur da la'asar, ya tarar da zaure cike. Maƙwabcinsu Bawa yana riƙe da karyayyen makullin yana nuna wa mutane.

"Ku duba abin da Siddiƙu ya aiko wa uwarsa daga Kano," in ji Bawa. "Gwangwani ne wannan. Malam Basharu, kai da ka sha rana kan aikin nan, ba ka faɗa mishi ba?"

Basharu ya buɗe baki, ya ga idanu duk a kansa. Ya ce, "Sai dai haƙuri." Ya shige ciki.

Saƙo ya kai Kano. Siddiƙu ya taso, ya sauka a Kalgo wurin Basharu don su wuce tare. A ƙofar gida ya tsaya, fuskarsa duk ta faɗa.

"Ban san da wane ido zan dubi Inna ba," ya ce. "Na rantse maka na zaɓa da hannuna. Mai shagon nan ya musanya min ne wajen ɗauri."

"Shigo ka sha ruwa, Yaya," in ji Basharu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Siddiƙu ya kai hannu zai tura ƙofar ɗakin baƙi, sai ya tsaya. Ya dubi mariƙin, ya murza shi a hankali, ya sake murzawa. Ya juya ya dubi ƙofar ɗakin Rahamatu, matar Basharu, ya dubi famfon tsakar gida. Basharu ya so ƙasa ta tsage. Ya jira zagi, ya ma fi son a zage shi.

"Kana da sukuddireba?" Abin da Siddiƙu ya ce ke nan.

Suka kwance makullan ɗaya bayan ɗaya, Siddiƙu na kwancewa, Basharu na tara kusoshi a hularsa. Rahamatu ta leƙo da kwanon fura, ta ga fuskar mijinta, ta koma.

A Gwandu, Siddiƙu ya durƙusa gaban Inna zai fara ba da haƙuri. Basharu ya riga shi.

"Inna, ba laifin Yaya ba ne. Ni na riƙe naki, na sa miki waɗancan."

Inna Delu ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Bawa za ka faɗa wa," ta ce. "Shi ya yi ta yawo da sunan ɗan'uwanka a gari."

Basharu ya fita. Bawa na zaune a inuwar ƙofarsa tare da mutane, suna jiran sallar azahar. Basharu ya cire takalmi, ya yi sallama, ya tsuguna a gefen tabarma.