Baiti na Uku

Tun hantsi Hajiya Huraira take safa da marwa a tsakar gida. Da la'asar mijinta, Malam Kabo, zai karanta waƙarsa a taron tsofaffin malamai a Tarauni, karo na farko tun da shanyewar ɓarin jiki ta nauyaya masa harshe. Shi kuwa sai ya cusa karangiya, wato jerin kalmomi masu farawa da harafi ɗaya, a baiti na uku: "Ƙafa ta ƙage, ƙarfi ya ƙare, ƙashi ya ƙi."

"Malam, wannan ko mai lafiya sai ya yi tuntuɓe. Bari in sassauta maka shi."

"Ki je ki sassauta miyarki," in ji shi a hankali. "Waƙata ki bar ta."

Shekara talatin ta yi tana koya wa ɗalibai cewa karangiya ado ce don daɗin kunne. To wane daɗi ne a ga dattijo yana kokawa da bakinsa gaban tsaransa? A cikin adaidaita daga Gyadi-Gyadi ma sai da ta sake roƙonsa. Ya kau da kai.

A wurin taron, baiti biyu suka wuce lafiya. A na uku harshen ya maƙale. Kowace kalma da ƙyar yake ciro ta, gumi na zuba. Huraira ta yunƙura za ta tashi, sai ta ga ba mai dariya. Wani tsohon hedimasta ma matsa gwiwarsa yake, kamar nan ciwon yake.

Ta koma ta zauna. Malam Kabo ya ja numfashi, ya shiga baiti na huɗu.