Hanyar Zuwa Gindin Lemo

Babanmu magini ne, kuma da aka zo rabon haƙuri ba ya nan. Shayi ma a tsaye yake sha. Umma ce ta laƙaba masa Sarkin Sauri.

Tun da ciwon ɓarin jiki ya taɓa Umma, jan ƙafar hagu take yi. Rannan ta yi tuntuɓe a tsakar gida ta faɗi, shi ke nan ta daina fita. Kujerarta tana gindin lemo tana shan rana, ita kuma tana ɗaki tana leƙenta ta taga. Abin yana ci mini rai.

Baba ya ce zai shimfiɗa mata tubalan intalok daga bakin ƙofa har gindin lemon. Hanyar tana da kwana, dole a yanka wasu tubalan, sai na raka shi shagon kayan gini sayen faifan yanka.

Mai shagon ya san halinsa. Bai jira tambaya ba ya miƙo faifai mai giɓi-giɓi.

"Ga naka na kullum, Malam. Kafin ka ce kwabo ka gama."

"Yana ɓantare bakin tubali," in ji Baba.

"Ɗan kaɗan ne. Wa zai gani?"

"Yatsa zai ji. Ba ni mai sumul ɗin can."

"Wannan sai da ruwa, ga rashin sauri. Faɗa za ku yi da shi."

"Mu yi."

Suka kuwa yi. Ina riƙe da tiyon ruwa, faifan yana cin tubali a hankali, Baba yana ta zuba tsaki. Da ya dasa tubalin farko, sai ya tuɓe takalmi, ya karkace, ya ja ƙafar hagu a kai, sak tafiyar Umma. Raina ya ɓaci, na ɗauka kwaikwayonta yake. Sai na ga yatsansa ya ɗan sarƙe, ya tsuguna ya ciro tubalin ya sake gyarawa. Na juya baya, wai ina duba famfo.

Haka ya yi wa kowane tubali. Yana kan na ƙarshe muka ji muryar Umma daga bakin ƙofa.

"Malam, ni ba haka nake tafiya ba. Kana ɓata mini suna."

"To yaya kike yi?"

"Gefen ƙafa nake ja, ba yatsa ba."

"Ban gane ba."

Ƙarya yake, ya gane sarai. Umma ta harare shi, ta gyara riƙon sandarta, ta sako ƙafa a kan tubalin farko don ta nuna masa. Ta ja, ƙafar ta wuce sumul. Ta sake ja.

Ba ta tsaya ba. Baba yana biye da ita da takalmi a hannu, kuma har gindin lemo bai wuce ta ba.